Shekarun da Bazara Ta Ƙi Zuwa: Rana, Hayaƙi da Ƙashin Yara

A ranar 10 ga Afrilu, 1815, dutsen Tambora da ke tsibirin Sumbawa, a ƙasar Indunusiya ta yau, ya yi aman wuta mafi girma da aka taɓa rubutawa a tarihi. Dubban mutane suka hallaka nan take, wasu dubban kuma yunwa da cuta suka bi da su. Toka da tururin farar wuta suka haura ƙololuwar sararin sama, iska ta baza su kewaye da duniya, suka zama mayafi tsakanin rana da ƙasa.

Bayan shekara guda, mutanen Turai da na arewacin Amurka suka zauna jiran bazara, ba ta zo ba. A watan Yuni na 1816 dusar ƙanƙara ta sauka a arewa maso gabashin Amurka, lokacin da shuka ta fara ɗagowa. Wani busasshen hazo, mai kama da na tsakiyar hunturu a ƙasar Hausa, ya dusashe rana har ana iya kallon ta da ido. A yammacin Turai ruwa ya yi ta zuba mako bayan mako, alkama ta ruɓe a gona, dankali ya lalace, farashin burodi ya yi tashin gwauron zabo. Har yau ana kiran 1816 shekarar da ba ta da bazara.

Mutanen wancan zamani sun ƙidaya asararsu da buhun hatsi. Akwai wata asara da babu wanda ya iya ƙidayawa a lokacin, domin sai da aka ƙara shekara ɗari da 'yan kai kafin a gane ta: jikin ɗan'adam ma yana da girbin da yake yi a bazara. Kuma mayafin Tambora ya yaye bayan shekara biyu ko uku, amma a biranen Birtaniya mutane sun saƙa wa kansu wani mayafin da hayaƙin kwal, wanda ya daɗe sama da ƙarni biyu yana hana yaransu bazara kowace shekara.

Rumbun da ke cikin jiki

Ga mutumin Kano ko Damagaram, rana abar gudu ce, inuwa ake nema. A arewacin Turai kuwa jiran ta ake yi kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka, kuma dalilin ya wuce jin daɗi.

A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB. Idan ya sauka a fatar mutum, sai ya juya wani sinadari da ke cikinta, dangin kwalastarol, ya koma bitamin D. Hanta ta karɓa ta sarrafa, ƙoda ta ƙarasa aikin. Babban amfaninsa shi ne buɗe wa sinadarin kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. In babu shi, hanji ba ya tsotsar abin da ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kalsiyam ɗin da aka ci. In yana nan wadatacce, abin yakan kai kashi 30 zuwa 40. Kalsiyam kuwa shi ne simintin ƙashi. Yaron da ya rasa shi ƙashinsa zai ci gaba da tsawo amma ba zai taurare ba. Sai a ga ƙafafu sun lanƙwashe kamar baka ko sun yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, haƙarƙari ya fito da ƙulle-ƙulle jere kamar carbi, maɗiga ta ƙi rufewa, haƙora su yi jinkiri.

Wannan haske rarrauna ne. Idan rana ta yi ƙasa-ƙasa a sama, hanyarsa ta cikin iska takan yi tsawo, ya ƙare kafin ya iso ƙasa. Gajimare mai kauri yana rage shi, hayaƙi yana shanye shi, gilashin taga yana tare shi. Kano tana digiri 12 arewa da layin tsakiyar duniya, don haka ba ta rasa shi a kowane wata. Landan tana digiri 51 da rabi, Glasgow kuwa kusan 56. A can, daga Oktoba zuwa Maris, ko rana ta fito tarwai, fata ba ta samun abin kirki daga gare ta. Abin da jiki ya tara daga Afrilu zuwa Satumba, musamman a Yuni da Yuli da Agusta, shi yake ci har hunturu ya fita. Shi ya sa gwajin jini ke nuna bitamin D ya fi yawa a ƙarshen bazara, ya fi ƙaranci wajen Fabrairu da Maris. Bazara ita ce daminar ƙashi, jiki kuma rumbu ne. Duk manomi ya san abin da ke biyo bayan daminar da ba ta yi kyau ba.

Cutar Ingilishi

A shekarar 1634 aka fara ganin wata sabuwar kalma a jerin dalilan mutuwa da ake bugawa a Landan: rikets, wato cutar lanƙwasar ƙashi. A 1645 wani ɗalibin likitanci ɗan Ingila, Daniel Whistler, ya rubuta kundinsa a kanta a jami'ar Leiden ta ƙasar Holan. Bayan shekara biyar Francis Glisson na Cambridge ya fitar da littafi sukutum, inda ya siffanta ta dalla-dalla. Glisson ya lura da wani abin mamaki, cewa ta fi kama 'ya'yan masu hali. Su ne ake naɗewa da tsumma daga wuya zuwa ƙafa, a ajiye a ƙuryar ɗaki, alhali 'ya'yan talakan ƙauye suna tsakar gida tare da kaji.

Ba da daɗewa ba cutar ta sauya gida. Itacen girki ya yi ƙaranci, Landan ta koma ga kwal, kuma tun a 1661 John Evelyn ya rubuta wa Sarki Charles na Biyu ƙasida yana kukan hayaƙin da ya turnuƙe birnin. Da juyin masana'antu ya kankama, sai miliyoyin mutane suka bar karkara suka cika Manchester da Leeds da Glasgow. Aka gina musu gidaje baya-da-baya, benaye masu hawa huɗu da biyar, lungunan tsakaninsu ba sa ganin rana sai ɗan taƙi da tsakar rana, ita ma ta bayan hayaƙi. Daga 1696 zuwa 1851 gwamnati na karɓar haraji bisa yawan tagogin gida, masu gidajen haya suka riƙa toshe su da bulo. Uwa tana masaƙa daga asuba zuwa dare, jariri yana ɗaki. Abinci kuwa burodi ne da shayi da dankali. Ko bazara ta yi kyau a saman gajimare, ba ta isowa ƙasan lungu.

Cutar ta yi yawa har Jamusawa suka raɗa mata suna cutar Ingilishi, kafin ta same su a nasu biranen. Zuwa wajen 1900, an ƙiyasta cewa a wasu biranen arewacin Turai da Amurka yara takwas cikin goma na ɗauke da alamunta. Ba ta cika kisa kai tsaye ba. Sai dai ƙirjin da ya lotse ba ya jure tari da ciwon huhu.

Mata kuwa sun biya bashinta sau biyu. Yarinyar da ƙashin ƙugunta ya tsuke tana jaririya, ranar haihuwa ce za ta gane, domin kan ɗa ba zai wuce ba. A Glasgow irin waɗannan mata sun yi yawa har likita Murdoch Cameron ya soma yi musu tiyatar ciro jariri a 1888, a zamanin da aikin kusan hukuncin kisa ne, kuma ya yi nasara a jere. Wani ɓangare na tarihin tiyatar haihuwa ta yau daga duhun lungunan Glasgow ya fito.

Waɗanda suka gani ba a saurare su ba

Da tsohuwar zuma ake magani. Masunta a gaɓar tekun Norway da Holan da Sikotlan sun daɗe suna shan man hantar kifin kod, suna ba 'ya'yansu, ba tare da sanin abin da ke ciki ba. A shekarun 1820 likitocin Jamus suka fara rubuta cewa yana warkar da lanƙwasar ƙashi. A Faransa, Pierre Bretonneau ya koyi amfaninsa daga wani iyali 'yan Holan, ɗalibinsa Armand Trousseau kuma ya yi ta koyar da shi a Paris. Amma man na da wari, na kasuwa sau da yawa gauraye ne, kuma babu wanda ya iya faɗin dalilin da ya sa yake aiki. Likitoci da dama suka ɗauke shi camfin masunta.

Ta ɓangaren rana ma an sami masu ido. A 1822 likita Jędrzej Śniadecki na ƙasar Polan ya rubuta cewa yaran cikin birnin Warsaw sun fi na ƙauye kamuwa, ya kuma ba da shawarar a riƙa fitar da su rana. Maganar ta bi iska.

Wanda ya fi kowa tara hujja shi ne Theobald Palm, likitan mishan da ya yi kusan shekara goma a Japan. Da ya koma arewacin Ingila, sai ya ga cutar da bai saba gani a can ba ta cika masa asibiti. Ya rubuta wa likitocin mishan a Sin da Indiya da Maroko da wasu wurare yana tambayar ko suna ganin ta. Amsoshin suka zo kusan baki ɗaya: akwai talauci, akwai ƙazanta, akwai tarin fuka da yunwa, amma lanƙwasar ƙashi da wuya. A 1890 Palm ya buga sakamakon a mujallar likitoci ta The Practitioner, ya ce abin da yaran Birtaniya suka rasa, waɗancan suke da shi, rana ce. Ya nemi a riƙa auna hasken rana a birane, a rage hayaƙi, a riƙa shanya yara.

Zamanin bai dace da maganarsa ba. Lokacin ne ake gano ƙwayoyin cuta ɗaya bayan ɗaya, kowane likita na neman ƙwayar da zai sa wa sunansa. Cewa hasken rana magani ne ya yi kama da zancen tsofaffi. Aka ƙara shekara 30, aka ƙara zuriya guda ta lanƙwasassun ƙafafu.

Gardamar abinci da iska

A farkon ƙarni na 20 masana Birtaniya suka rabu gida biyu. A Glasgow, Leonard Findlay ya kulle 'yan kwikwiyo a keji a 1908, suka kamu, waɗanda ke yawo a waje kuwa suka tsira. Ya ce rashin motsa jiki da iska mai kyau ne sanadi. A Landan, Edward Mellanby ya ciyar da nasa karnukan da kunun hatsin ot, abincin talakan Sikotlan, suka kamu, ya ba su man hantar kifi suka warke. A 1919 ya ce cutar ta abinci ce. Kowane ɓangare na da gaskiya, kuma kowanne bai lura da abin da ya yi ba: karnukan Findlay masu yawo rana suke sha, na Mellanby kuwa a ɗaki suke.

A Barlin, a hunturun 1918 zuwa 1919, bayan yaƙi da takunkumi sun bar yara cikin yunwa, likita Kurt Huldschinsky ya sa yara masu cutar a ƙarƙashin fitila mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Cikin 'yan watanni hoton ƙashi ya nuna sun warke. Sai ya haska hannu ɗaya kawai, ya rufe ɗayan, duka biyun suka warke. Wato hasken yana haifar da wani abu a fata, jini kuma ya kai shi ko'ina.

A birnin Vienna aka raba gardamar. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar babban birnin Ostiriya cikin matsananciyar yunwa, cutar ta kama jarirai har da manya. A 1919 wata tawagar mata masana daga Landan, ƙarƙashin Harriette Chick ta Cibiyar Lister, ta sauka a asibitin yara na jami'ar birnin. Shugaban asibitin, Farfesa Clemens von Pirquet, ya yi imani cewa cutar ta yaɗo ce kamar tarin fuka, amma ya ba su gadaje da ma'aikata. Suka raba jarirai kashi biyu: kashi ɗaya na shan madarar asibiti da aka saba, ɗayan kuma ana ƙara masa man hantar kifi. Suka riƙa ɗaukar hoton ƙashinsu a kai a kai, har zuwa 1922.

Sakamakon ya bi kalanda. A bazara, lokacin da ake fitar da gadajen jarirai baranda, babu wanda ya kamu a kashi biyun. Da hunturu ya shigo, cutar ta bayyana a jariran da ba a ba mai ba, masu shan mai kuwa suka tsira. Waɗanda suka kamu, uku ne suka warkar da su daidai wa daida: man kifi, ko fitila, ko rana idan ta dawo. Pirquet ya sauka daga ra'ayinsa. Masunta sun yi gaskiya, Palm ma ya yi gaskiya. Darasin kuwa shi ne wanda duniya ke amfani da shi har gobe: idan bazara ta gaza, ana iya sayen ta a kwalba.

A wannan shekara ta 1922 wasu abubuwa biyu suka ƙara haske. A jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, Elmer McCollum ya dafa man hantar kifi yana hura masa iska har bitamin A da ke ciki ya lalace, amma man bai daina warkar da ƙashi ba. Ashe akwai wani sinadari na daban. Da yake an riga an sami A da B da C, sai ya zama D. A Nasik ta ƙasar Indiya kuma, likitoci Hutchison da Shah suka tarar cutar ta fi yawa a gidajen masu hali, Hindu da Musulmi, inda mata da jarirai ke cikin kulle a ɗakuna masu duhu, fiye da gidajen talakawan da ke yini a gona duk da abincinsu bai kai ba. Abin da Glisson ya gani a Ingila ya maimaita kansa a ƙasar da rana ba ta yankewa.

A 1924 Harry Steenbock na jami'ar Wisconsin ya nuna cewa idan aka haska abinci da irin fitilar nan, shi ma yakan sami ƙarfin warkarwa. Daga nan aka soma ƙara bitamin D a madara, kuma kafin ƙarshen shekarun 1930 cutar ta ja baya ƙwarai a Amurka. Adolf Windaus na Jamus, wanda ya sami lambar Nobel a 1928, shi da abokan aikinsa suka fayyace sinadarin da ke cikin fata.

Kwalba, doka, da dawowar cuta

Birtaniya ta yi nata maganin a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940 aka wajabta ƙara bitamin D a man shafa burodi na majarin, daga 1941 kuma gwamnati ta soma raba wa ƙananan yara da masu ciki man hantar kifi. Cokalin safe mai wari ya zama abin da tsara guda ta 'yan Birtaniya ba ta mantawa. An ma wuce gona da iri: a farkon shekarun 1950 aka ga jarirai da kalsiyam ya yi musu yawa a jini, aka zargi yawan ƙarin da ake yi a madarar gari da abincin jarirai, aka rage shi a 1957. Ko zuma in ta yi yawa takan ɓata ciki.

Hayaƙin kuwa sai da ya yi kisan gilla aka taɓa shi da gaske. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952, hazo da hayaƙin kwal suka haɗu suka rufe Landan. Ƙiyasin farko ya ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin wajen 12,000. A 1956 majalisa ta yi dokar tsabtace iska, abin da Palm ya nema shekara 66 da suka wuce.

Aka ɗauka an gama. Amma a 1962 likita Matthew Dunnigan da abokan aikinsa suka ba da rahoton cutar a Glasgow, a wannan karo cikin iyalan da suka yi ƙaura daga Pakistan. Fata mai duhu tana ɗauke da launin da ke tace hasken rana, wanda rahama ne a Lahore ko Sakkwato, amma a digiri 56 yana nufin mutum na buƙatar lokaci mai tsawo a rana kafin ya sami abin da farar fata ke samu cikin mintuna. Ga sutura mai rufe jiki, ga zaman ɗaki saboda sanyi. Sai da aka yi gangami a Glasgow a 1979, da na ƙasa baki ɗaya a 1981, ana raba ɗigon bitamin D.

Sannan 2012 ta zo. Igiyar iska mai ƙarfi da ke ratsa sararin samaniyar tekun Atlantika, wadda takan matsa arewa a bazara ta tafi da hadari, ta tsaya a kudu ta ƙi motsi. Watannin Afrilu zuwa Yuni suka zama mafi ruwa da aka taɓa aunawa a ƙasar, bazarar kuma mafi ruwa tun 1912. Jerin gwanon jiragen ruwa a kogin Thames na bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan gado, cikin ruwa da sanyi aka yi shi a watan Yuni. A watan Fabrairun shekarar, manyan jami'an lafiya huɗu na ƙasar sun riga sun rubuta wa likitoci suna tunatar da su masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara da tsofaffi. A Disamba ƙungiyar likitocin yara ta yi gargaɗin cewa masu cutar sun ninka kusan sau huɗu cikin shekara 15. Yanzu babu hayaƙin kwal, amma akwai ofis da mota da talabijin, ga bazarar da ba ta da tabbas.

A Yulin 2016 hukumomin lafiya suka fitar da shawarar da ake bi har yanzu. Kowa ya yi tunanin shan maikirogiram 10 na bitamin D kullum a kaka da hunturu. Wanda ba ya fita sosai, ko yake rufe yawancin jikinsa, ko yake da fata mai duhu, ya sha duk shekara, bazara ta yi kyau ko ta ƙi. Babba kada ya wuce maikirogiram 100 a rana. Abinci yana taimakawa, musamman kifi mai maiƙo irin su sardin da titus, da gwaiduwar ƙwai da hanta, amma da wuya ya wadatar shi kaɗai. Akwai kuma ma'auni mai sauƙi da masu duba lokacin salla da inuwa za su gane nan take: idan inuwar mutum ta fi shi tsawo, ranar ba ta yi wa ƙashinsa aikin kirki. Ɗalibi ko ma'aikacin jinya Bahaushe da ke Manchester ko Glasgow, da matarsa mai shayarwa, suna cikin waɗanda shawarar duk shekara ta shafa kai tsaye.

Darasin Jos

Wanda ya karanta wannan tarihi zai iya cewa ƙasar da rana ke dukan ta wata goma sha biyu ta tsira. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos sun ga akasin haka, domin yara masu lanƙwasassun ƙafafu sun yi ta zuwa musu, yaran da ke yini a waje. Tom Thacher da abokan aikinsa suka gwada yara 123, suka raba su kashi uku, suka bi su mako 24, suka buga sakamakon a 1999 a mujallar New England Journal of Medicine. A cikin waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai, kashi 19 cikin 100 ne suka kusan warkewa sarai. A cikin waɗanda aka ba kalsiyam, kashi 61. Waɗanda aka haɗa wa biyun, kashi 58.

Ƙofar a buɗe take, kayan da za su shiga ne babu. Yaran na samun kalsiyam wajen miligiram 200 a rana, ƙasa ƙwarai da abin da ƙashi mai girma ke buƙata. Bayan yaye, abincinsu koko ne da tuwon masara, nono kuwa ya yi tsada. Kuma hatsi na ɗauke da wani sinadari da ke ɗaure kalsiyam a hanji ya hana shi shiga jini, wanda shi ne ya sa kunun Mellanby ya lanƙwasa ƙafafun karnukansa. Binciken da ya biyo baya a Jos ya nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa yana warkarwa. A 2016 masana daga ƙasashe da dama, har da masu aikin Jos, suka yi matsaya guda: a ba kowane jariri maikirogiram 10 na bitamin D kullum a shekararsa ta farko, ko a ina yake, a kuma tabbatar yara na samun isasshen kalsiyam bayan yaye.

Biranen ƙasar Hausa suna ƙara tsawo da cunkoso. Gidan da a da yake da faffaɗar tsakar gida, inda mata ke daka da shanya, jarirai na rarrafe a hantsi, yanzu an yanka shi ɗakunan haya, an rufe saman da kwano. Ma'aikaci na fita daga gida ya shiga mota mai gilashi a rufe, ya wuce ofis, ya dawo bayan magariba. Yaron da ya cika shekara biyu ƙafarsa na ƙara buɗewa, ko wuyan hannunsa ya kumbura, ko ya yi jinkirin tafiya, ba gado ba ne a kowane hali, kuma ba a jira ya miƙe da kansa. Hoton wuyan hannu da gwajin jini suna nuna cutar, magani kuma na aiki cikin watanni shida idan an zo da wuri. Tambayoyin da likita zai yi su ne waɗanda Palm da Chick da Thacher suka yi a zamaninsu: ina yaron yake yini, kuma me ake zuba masa a kwano?